Yadda Makaranta Za Ta Riƙa Sanar da Iyaye

Malam, ka tambayi hanyar da shugaban makaranta zai bi wajen sanar da iyaye batun tsaro, sauya wa yara makaranta, taruka da nasarorin ɗalibai. A ganina, tsaro ne ya kamata a fara da shi. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana cikin gaggawa, kuma a irin wannan hali, uban da bai ji daga bakin makaranta ba, jita-jitar kasuwa zai ɗauka. Saboda haka a karɓi lambobin wayar iyaye tun ranar rajista, a buɗe zauren WhatsApp wanda shugaba kaɗai ke aika saƙo a cikinsa, a riƙa haɗawa da saƙon murya domin waɗanda ba su yi boko ba. Wanda ba shi da babbar waya, a isar masa ta hannun mai unguwa ko liman.

Idan za a mayar da yara wata makaranta, a kira taron iyaye da malamai kafin a rufe zango, a bayyana dalili da nisan wurin, domin kuɗin adaidaita sahu na kullum ba ƙaramin nauyi ba ne. Yaron da ya yi fice kuwa, a kira sunansa gaban iyayensa ranar rabon kyaututtuka.