Tsaka ba 'yar ƙadangare ba ce

Malam, ka tambaya ko tsaka ƙadangare ce da ba ta gama girma ba, da kuma inda take samun ruwa a bazarar Daura. Shekara 26 na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma na daɗe ina zuba wa wannan halitta ido.

Dangi ne, amma na nesa. Masana sun ware mata rukuninta, Gekkota, gida bakwai, nau'i sama da 1,500. An taɓa samun ƙafar wata cikin daskararren ƙaro a ƙasar Myanmar, mai shekara kusan miliyan 100, kuma tun a lokacin yatsun suna da abin manne wa bango. Ba gam ba ne, gashi ne ƙanana birjik da ido ba ya gani. Ta ɗakunanmu ita ce Hemidactylus.

Maganar ruwa ita ta fi burge ni. A nan muna yin wata bakwai zuwa takwas ba ɗigo. Ƙadangare na kan katanga yana shan rana, ita kuwa tana cikin tsagar bango ko bayan azara, sai magariba ta fito farautar ƙwari a gindin fitila. Mafi yawan ruwanta daga jikin ƙwarin yake. Ka duba kashinta a kan taga, za ka ga baƙi da ɗan fari a kai. Farin nan shi ne fitsarinta, a daskare take fitar da shi don kada ruwa ya bi.

Wata rana ina kwashe tsofaffin littattafai a sito na tarar da ƙwai biyu a bayan akwati, farare, ba su fi ƙwayar wake ba. Na ƙwanƙwasa ɗaya da farce na ji ɓawon da tauri. Na ƙadangare laushi gare shi, shi ya sa sai damina macen take binne shi a danshi. Na tsaka kuwa ko a busasshen lungu zai ƙyanƙyashe.

Akwai kuma ta ƙasa. Wani ɗalibina ya kawo min ita a gwangwani daga gonarsu wajen Zango, yara na ta ihu wai mai kai biyu ce. Jela ce ta cika da kitse, guzurin rani. Sunanta Hemitheconyx caudicinctus, ba ta hawa bango, kuma tana ƙifta ido. Ta ɗaki ba ta da fatar ido, da harshe take share shi. Ta hamadar Namib ma raɓar da ta taru a idonta take lasa.

Na san wani zai kawo zancen wai tsaka na sa kuturta. Hadisin kashe tsaka yana nan, bayaninsa na malamai ne. Amma kuturta ƙwayar cuta ce da likita Hansen ya gano a Norway a 1873, kuma tsaka ba ta da dafi. Abin da nake tsoro kashinta ne, don yana iya ɗaukar ƙwayar Salmonella mai sa gudawa. In ta yi maka yawa, ka toshe tsagogin bango, ka mayar da ƙwan fitila nesa da madafa, a riƙa kifa faifai a kan abinci da bakin randa.