Tambayi Likita: Hayaƙi, Dalma da Tsaron Ƙasa

Tambaya: Likita, na ji ana cewa kare muhalli yana cikin tsaron ƙasa. A sanina tsaro aikin soja ne da ɗan sanda. Me ya haɗa shi da lafiya?

Amsa: Malam, gadon asibiti ya haɗa su. A watan Disamban 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, amma an ƙirga kimanin mutum 4,000 da suka mutu, kuma binciken da aka yi daga baya ya kai adadin wajen 12,000. Dole ta sa majalisar Birtaniya ta kafa dokar tsabtace iska a 1956. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana kashe kusan mutum miliyan 7 duk shekara, ta hanyar ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu. Da abokan gaba ne suke yi wa ƙasa wannan ɓarna, ai da tuni an yi shelar yaƙi. Ni zan iya rubuta wa mai asma magani, amma ba ni da ikon rufe bututun masana'anta. Wannan sai hukuma.

Tambaya: Likita, kusa da gidanmu ana narka tsofaffin batira. Ɗana ɗan shekara uku ba ya cin abinci, ga yawan kuka da ciwon ciki. Ko akwai alaƙa?

Amsa: Malama, kada ki yi jinkiri, ki kai shi a auna dalma a jininsa. Batirin mota cike yake da ita, ƙurarta kuma tana sauka a ƙasa inda yaro ke wasa yana kai hannu baki. Jikin yaro ya fi na babba tsotse ta, tana jawo ƙarancin jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa, in ta yi yawa har jijjiga. Babu wani adadinta da aka sani ba ya cutarwa. Akwai maganin da ke fitar da ita, sai dai abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa ba kasafai yake dawowa ba. Kafin nan ki riƙa wanke masa hannu, ki goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, sannan ku haɗu da maƙwabta ku kai ƙara hukumar muhalli. Kada ki raina doka: ita ta raba fetur da dalma a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma, a 2021.

Tambaya: Takunkumi yana kare mutum daga hayaƙi?

Amsa: Na yadi kaɗan yake tarewa. Takunkumi na musamman da ake kira N95 yana tace ƙananan ɓurɓushin hayaƙi in ya zauna daram a fuska, amma iskar gas mai guba wuce shi take yi.