Me Ya Sa pip Ke Sauke Manhaja Ɗaya Sau Da Yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Gusau, ina koyon Python. Na umarci pip, mai girka manhajojin Python, ya girka mini wasu manhajoji, sai na ga yana ta sauke sigogi daban-daban na manhaja guda, datata tana zurarewa, daga ƙarshe ya rubuta ResolutionImpossible da jan rubutu ya tsaya. Kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutarka lafiya lau take. Abin da ka gani shi ne pip yana ƙoƙarin sasanta sharuɗɗan da suka ci karo da juna.

Da wuya a sami manhajar da take tsaye da ƙafafunta. Idan ka nemi requests, alal misali, tana zuwa da takardar bukatunta: tana son urllib3, da certifi, da idna, da charset-normalizer, kuma tana iya iyakance sigar da za ta amince da ita daga kowace. Aikin pip shi ne ya tattara waɗannan sharuɗɗa duka, har da na manhajojin da ke ƙarƙashinsu, sannan ya nemo sigogin da za su gamsar da kowa a lokaci guda.

Wahalar ita ce pip ba ya ajiye siga biyu ta manhaja ɗaya a mazauni guda, wato wurin da yake girka manhajoji. A ce wata manhaja ta dage sai urllib3 da ke ƙasa da 2.0, wata kuma ta ce sai 2.0 ko sama. Tun daga siga ta 20.3, wadda ta fito a ƙarshen 2020, idan pip ya tarar da irin wannan saɓani yakan ja da baya, ya ɗauko tsohuwar sigar ɗaya daga cikin masu rigimar, ya duba ko sharaɗinta ya fi sassauci, in bai dace ba ya ƙara komawa baya. Sau da yawa sai ya sauke manhajar kafin ya karanta sharuɗɗanta, kuma nan ne datarka ta tafi. Idan hanyoyin suka ƙare, sai ya fito da saƙon da ka gani. A ganina hakan ya fi tsohon halinsa, lokacin da yakan girka abin da bai dace ba, aikinka ya zo ya rushe daga baya ba ka san mafari ba.

Shi npm, takwaran pip a JavaScript, yakan kauce wa rigimar ta hanyar ba kowace manhaja sigar da take so a cikin jakar node_modules, abin da ke sa jakar ta kumbura.

Ka fara da karanta saƙon da kyau, domin pip yana ambatar sunayen manhajojin da suka saɓa. Sannan ka buɗe wa kowane aiki mazauninsa da venv, kayan aikin Python mai ƙirƙirar keɓaɓɓen mazauni, ka sabunta pip ɗin kansa, tunda sababbin sigoginsa na iya karanta sharuɗɗa ba tare da sauke manhajar gaba ɗaya ba idan ma'ajiyar da ake sauke manhajojin daga cikinta ta tanade su. Ka kuma rage masa yawon nema: rubuta ~=2.4 bayan sunan manhaja na nufin siga daga 2.4 zuwa ƙasa da 3.0. Ranar da komai ya yi aiki, ka yi amfani da pip freeze ka adana sigogin a requirements.txt, domin abokin karatunka ya girka daidai abin da ke kwamfutarka.