Amsa ga mai neman ma'aikatan masauki a Maigatari

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce ka buɗe ɗan masaukin baƙi a Maigatari, amma duk yaron da ka ɗauka ba ya daɗewa, kana tambayar ko lalaci ne.

Ba lalaci ba ne, lissafi ne. Da damina ta faɗi yaro zai koma gonar gidansu, da rani kuma ga aikin shinkafa da alkama a fadamar Haɗeja, inda ake biyan ɗan ƙwadago kuɗinsa a hannu da yamma. Kai kuwa sai ƙarshen wata, ga kwanan zaune. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaran sun ji adadin, da shi suke auna naka.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: a ƙauyukanmu aikin otal na da baƙin jini. Uba zai fi son ɗansa ya yi dako a kasuwa da a ce "yana aiki a otal", balle 'ya mace.

Ni da ni ne, tunda cikarka ta ranar kasuwar Alhamis ce, zan riƙe mutum biyu na dindindin da albashi mai kyau da abinci, sauran in ɗauke su Laraba zuwa Juma'a, biya kullum. Maigadi kuma a samo dattijo ta hannun mai unguwa, shi zai sa iyaye su saki jiki su ba ka yaransu.