Yadda ake ɗaurin ƙugiyar kama kifin fogi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Bronx ne a birnin New York. Ranar hutu abokai suka ja ni City Island, muka shiga irin jirgin nan da ake biyan kuɗi a fita teku kamun kifi. Wanda aka fi kamawa shi ne kifin da suke kira fogi. Mutumin da ke gefena sai fito da su yake yi bibbiyu, ni kuwa in ji ana taɓa zare, in fizga, in tarar an cinye abincin an bar mini ƙugiya tsirara. Ƙugiyar da na je da ita irin wadda muke kama tarwaɗa ce a gida, na ɗaura guda ɗaya a ƙarshen zare, dalma a samanta. Don Allah wane irin ɗauri ne ya dace da wannan kifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riga ka faɗi inda matsalar take da bakinka. Tarwaɗa bakinta a wangame yake, abin da ta samu haɗiye shi take yi, shi ya sa babbar ƙugiya ke kama ta. Fogi kuwa ɗan ƙaramin baki gare shi mai ƙarfi, da haƙoran da yake fasa ƙananan ƙaguwa da kumba da su a ƙasan teku. Gutsura yake yi, ba haɗiya ba. In ka miƙa masa ƙugiyar da ta fi bakinsa, zai bi gefenta ya tsince naman tas, ƙarfen bai ko shiga bakinsa ba. Abin da ya same ka ke nan, ba rashin sa'a ba.

Wannan kifi, wanda mutanen Massachusetts da Rhode Island suka fi kira scup, yana zaune ne a gaɓar gabashin Amurka, galibi daga Cape Cod zuwa Cape Hatteras. Da sanyi ya kan koma can cikin teku mai zurfi, wajen watan Mayu ya dawo kusa da gaɓa garke-garke, ya zauna har cikin Oktoba. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce laba ɗaya zuwa biyu ba. Abu biyu za ka riƙe game da shi: a ƙasa yake kiwo, kan duwatsu da tarkacen kumba, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Ɗaurin da ake yi masa daga waɗannan halaye biyu ya fito. Dalma ce a can ƙarshen zare tana zaune a ƙasa, ƙugiya biyu a samanta, ɗaya kusa da ƙasa ɗaya ta ɗan ɗara ta. A shagunan kayan kamun kifi sunansa hai-lo, wato sama da ƙasa. Naka ɗaurin juyin wannan ne: da dalma ke saman ƙugiya, duk taɓawar da kifi ya yi sai ta bi ta nauyin dalmar kafin ta iso hannunka, rabinta ya mutu a hanya. In dalma na ƙasa, tsakanin bakin kifi da sandarka babu komai sai zare a miƙe.

Fara da ƙugiya. Lambobinta suna rikita baƙo, don lamba 4 ta fi lamba 2 ƙanƙanta, lamba 2 ta fi lamba 1 ƙanƙanta, daga nan sai lissafin ya juya, 1/0 ta fi 1 girma, 2/0 ta fi 1/0. Wa fogi na yau da kullum a ruwan Long Island Sound, inda jiragen City Island ke zuwa, lamba 2 ko lamba 1 ta wadatar. In an dace da manya, kamar waɗanda ke shiga Peconic Bay a watan Mayu ko na Montauk da kaka, ka hau zuwa 1/0. Ni ban ga dalilin wuce nan ba. Ka nemi irin wadda ke da 'yan ƙayoyi biyu a bayan wuyanta, su ne ke riƙe naman kada ya zame ya taru a gindin ƙugiya.

Sai zaren ɗaurin. Ka yanko nailan mai ƙarfin laba 20 zuwa 30, tsawon ƙafa shida, don ƙulle-ƙullen za su ci wani abu daga ciki. Wani zai ce ai kifin bai kai laba biyu ba, me za a yi da zaren laba 30? Ba don nauyin kifin ake sa shi ba, don tauri ne. Zare mai ɗan kauri yana sa ƙugiya ta tsaya a gefe, ba ta naɗe uwar zaren ba, kuma yana jure gogar duwatsu. Wani irin zare da ake kira fulorokabon ya fi tsada, ya fi ɓuya a ruwa mai haske, amma fogi ba kifi ne mai yawan tsoron zare ba, nailan ya ishe ka.

Ƙullin farko na dalma ne, shi ne mafi sauƙi. Ka ninka ƙarshen zaren kamar inci biyar, ka yi ƙulli irin na kowa da ninkin, sai dai ka zura shi sau biyu kafin ka ja. Ka sami hanci ke nan, wato ɗan zagayen zare. Ba ɗaure dalma ake yi a jikinsa ba: ka matse hancin ka zura ta ramin dalmar, ka buɗe shi ka zagayo da shi ta ƙasanta, ka ja. Amfanin haka shi ne in ruwa ya ƙara gudu, cikin 'yan daƙiƙu ka zare wannan ka sa wadda ta fi ta nauyi ba tare da wuƙa ba. Saboda haka kada ka yi hancin ƙarami, ya zama babbar dalma za ta iya wucewa ta cikinsa.

Ƙulli na biyu shi ne zuciyar aikin, shi ya kamata ka zauna a gida ka koya da igiya mai kauri kafin ka taɓa nailan. Kamar inci biyar sama da ƙullin dalma, ka lanƙwasa zaren ya yi da'ira mai faɗin tafin hannu. Wurin da zaren biyu suka haɗu suka kwanta kusa da juna, ka riƙe da yatsu, ka yi ta murɗa ɗaya a kan ɗaya sau biyar ko shida, kana barin 'yar kafa a tsakiyar murɗin da ɗan yatsanka. Sai ka kamo ɗaya gefen da'irar, wanda ke lilo a ƙasa, ka turo shi ta wannan kafar ya fito ta sama. Ka riƙe shi da leɓe, ka jiƙa murɗin da yawu, ka ja zaren ta hagu da dama a hankali. Za ka ga murɗin ya taru ta gefe biyu ya shaƙe hancin a tsakiya, hancin ya miƙe ya tsaya a gicciye. In ya kwanta ya bi jikin zare, ko murɗin ya hau kan juna, ƙullin bai yi ba, yanke ka sake. Jiƙawar nan ba al'ada ce kawai ba, nailan in aka ja shi a bushe yana ɗaukar zafi ya yi rauni daidai wurin ƙullin, kuma nan zai tsinke ranar da ka kamo babba.

Tsawon hancin inci uku, in ya yi yawa huɗu. Nan ne sababbi suka fi kuskure, su bar shi dogo wai don abinci ya yi ta rawa a ruwa. Dogon hanci yana naɗewa, kuma yana ba kifi sarari ya ci ya ƙoshi ba ka ji ba. Ka haura inci 12 zuwa 14 ka yi na biyu irinsa. Ƙa'idar tazarar ita ce in ka kwantar da ƙugiyar sama ta yi ƙasa, ta ƙasa ta yi sama, kada su taɓa juna. Daga hanci na biyu ka bar kamar ƙafa ɗaya, ka ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake kira suwibul, shi zai haɗa ɗaurin da zaren da ke kan sandarka. Ka kula wajen naɗowa kada ka ja suwibul ɗin ya daki zoben kan sanda, yana fasa shi.

Sa ƙugiya a hanci kamar sa dalma ne: matse, zura ta idon ƙugiya, zagayo ta ƙasanta, ja. Ka zura daga ɓangaren da tsinin yake. In idon ya yi ƙanƙanta ninkin laba 30 ya ƙi shiga, ka ratsa siririn zare ta cikin hancin, ka zura bakinsa biyu ta idon, ka jawo hancin da shi.

Za ka ga ana sayar da ɗaurarru a leda, wasu da duwatsun ado ja da kore, wasu da ƙugiya uku. Babu laifi ka sayi biyu ranar farko don ka ga yadda aka yi su. Adon ba ya hana kamu, amma ba shi ke kawo kifi ba. Ƙugiya ta uku kuwa, a jirgin da mutane ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, rigima ce kawai, ko ta kama zaren maƙwabci ko ta kama hannunka lokacin da kake cire kifi daga ta biyu.

Nauyin dalma ruwa ne ke faɗarsa. Abin da ake so shi ne mafi ƙanƙantar da za ta zauna a ƙasa zarenka ya sauka kusan a tsaye. A wuri mara zurfi da ruwa a kwance oza 2 ko 3 ta isa, in igiyar ruwa ta taso sai ka ga ana neman 6 ko 8. Ka tafi da kala-kala. Da ka hau jirgi ka tambayi ma'aikacin da ke zagayawa oza nawa ake sa wa yau, ka bi abin da ya ce, don in taka ta fi ta jama'a sauƙi ruwa zai ja ta ta bi ta ƙarƙashin zaren mutum biyar. A ƙasa mai duwatsu, ka yi ɗan ƙulli guda ɗaya na kowa tsakanin dalma da ƙugiyar ƙasa. Wurin zai zama mai rauni da gangan, in dalma ta maƙale sai ta tafi ita kaɗai ta bar maka ƙugiyoyi.

Ɗauri mai kyau ba ya aiki da ƙaton abinci. Jiragen sukan ba da naman kilam, wata kumbar teku, wani lokaci da sikwid, wata halittar teku mai laushin jiki da hannuwa da yawa. Ka yanka daidai faɗin farcen babban yatsa, ka soka sau biyu, ka bar tsinin ƙugiya a waje, kada wani abu ya yi reto a ƙasa, don reton fogi zai kama ya ja. Kilam ya fi jawo su amma yana da laushi, sikwid ya fi daɗewa a ƙugiya, shi ya sa wasu ke sa kilam sannan su toshe shi da ɗan yankin sikwid. In ka sayi tsutsar teku, gutsure inci ɗaya ya isa, kuma ka yi hankali da kanta, tana cizo.

In dalma ta taɓa ƙasa, ka naɗe sakin da ya rage har ka ji nauyinta, kada ka ɗaga ta. Taɓawar fogi sauri gare ta, kaf-kaf-kaf. Fizgar da kake yi da ƙarfi ita ke fitar da ƙugiya daga gabansa. Ka ɗaga kan sanda a hankali kamar ƙafa ɗaya. In ka ji nauyi ya biyo ka, ka ɗan ƙara ƙarfi da wuyan hannu ka fara naɗowa ba tsayawa. Shi maƙwabcin naka mai fito da bibbiyu, abin da yake yi shi ne in na farko ya kamu sai ya ɗan dakata kaɗan, motsin wancan ya jawo ɗan'uwansa kan ƙugiya ta biyu. Kitsattsen zare a kan sanda, mai laba 20 ko 30, yana taimakawa ƙwarai a nan, don ba ya miƙewa kamar nailan, ko ƙaramar taɓawa za ka ji ta.

Ka ɗaura biyar ko shida tun a gida, kowanne a ledarsa, don ɗauri a jirgi mai tangaɗi da hannu mai santsin kilam wahala ce. Ka riƙe tsumma, ƙayoyin bayan fogi suna da tsini, ka shafo su daga kai zuwa wutsiya su kwanta kafin ka damƙe shi. Game da doka, hukumar kula da muhalli ta jihar New York, wato DEC, ce ke sa mafi ƙarancin tsawon da za a ɗauka da adadin da mutum zai tafi da shi a rana, kuma tana sauya su daga shekara zuwa shekara, har ma na mai kamu daga gaɓa ya kan bambanta da na mai jirgi. A jirgin haya ma'aikata za su gaya maka, akwai ma'auni a jikin jirgin. In kuwa za ka tsaya a gaɓa kai kaɗai, sai ka yi rajistar kamun kifin teku ta jihar tukuna, ana yin ta a intanet.