Tambaya da Amsa: Fad ɗin Yamaha zai yi aiki da modul ɗin Roland?

TAMBAYA: Salam Malam, inada gangar lantarki ta Roland TD-17, sai wani abokina yace zai bar min simbal (farantin kiɗa) ɗin Yamaha PCY135 da fedal ɗin hai-hat (simbal ɗin da ake buɗewa da rufewa da ƙafa) nasu HH65 harda tom (ƙaramar ganga) ɗaya na Alesis. Naga dai bakin jak ɗin duk iri ɗaya ne. In na haɗa zasu yi aiki ko zan ƙona modul ɗin ne, wato akwatin da ke fitar da sautin gangar?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, babu abinda zai ƙone. Waɗannan fad ɗin, wato abubuwan da ake bugawa, ba wuta suke bai wa modul ba, wani ɗan faifai ne a ciki da ake kira fiyezo, in ka buga ya jijjiga sai ya tura ɗan sigina ta kebul mai jak 6.35 mm. Shi yasa tom ɗin Alesis ɗin nan ka soka shi a ramin AUX kawai, zai yi magana.

Amma fa shigar jak daban, fahimtar juna daban. Simbal ɗin Yamaha wuri 3 yake dashi, jiki da gefe da ƙoƙon tsakiya, kuma duka ta kebul ɗaya suke bi, da rezisto, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin lantarki, Yamaha ke bambance gefe da ƙoƙo. Ita kuma Roland nata mai wuri 3 irin CY-13R kebul biyu yake ci, to modul ɗinka bai san wancan yaren ba, wuri biyu zaka samu ƙoƙon bazai fito da nasa sautin ba. In a matsayin kirash zaka sa shi, wato simbal ɗin da wuri biyu sun ishe shi, ai babu asara, karɓe shi.

Fedal ɗin ne nake ce maka ka haƙura. Hai-hat ba buɗe da rufe kaɗai bane, modul yana karanta iya yadda ƙafarka ta danna ne, kuma kowane kamfani da yadda ya haɗa wayoyinsa da ma'auninsa, sai kaga ka take har ƙasa amma sautin bai rufe ba, ko rabin buɗewar nan mai daɗi ta ɓace gaba ɗaya, kayi ta murɗa saiti har ka gaji. Nemi na Roland irin FD-8 ka huta. Ni a wurina hai-hat da modul dole su zama 'yan gida ɗaya, sauran a cakuɗa.

Bayan ka haɗa kar ka fara kiɗa tukuna, shiga saitin fad ɗin. Sensitivity, wato yadda fad ke jin bugu, ka daidaita shi da ƙarfin hannunka, in bugu ɗaya yana fitowa biyu ƙara Retrigger Cancel kaɗan kaɗan, in kuma ka bugi tom simbal ya amsa to jijjigar ƙarfen da suke kai ce, XTalk Cancel ke maganinta.

Wani abu kuma, kebul ɗin nan mai babban kai mai fil 25 da ya zo da TD-17, kar ka musanya shi da na Alesis don kaga sun yi kama, jerin wayoyin ciki ba ɗaya bane.