Ƙanwata, "of" ɗin nan za ki cire

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da hantsi na ga tambayarki, wai malaminku ya ja jan biro a ƙarƙashin "I read a lot of" bai yi miki bayani ba, ke kuma kin ga ana rubuta "a lot of" ko'ina, shi ne kike son sanin me ya ɓaci. Wallahi da na karanta sai da na aje wayar na yi jim, don wannan "of" ɗin shi ya ja mini sunan da har yau wasu ke kirana da shi a Ƙofar Marusa.

Bari in ba ki amsar tukuna kada labari ya ɗauke ni. In "a lot" ta zo bayan aikatau, aikin "sosai" take yi, ko "da yawa", kuma ita kaɗai take tsayawa: "I read a lot", sai aya. Shi "of" sai akwai suna biye da shi, kamar "I read a lot of books". Abin da kika rubuta daidai yake da ki ce "na sayo tarin" ki yi shiru. Tarin me?

Ni muna aji biyar na sakandare abin ya same ni. An ce mu rubuta wasiƙa zuwa ga ƙawa, na zage na cika shafi biyu, a ƙarshe na sa "I miss you alot of". Kuskure biyu ke nan a wuri ɗaya, don na haɗe "a" da "lot", alhali kalmomi biyu ne, kowace da gurbinta. Malamin Turancinmu a lokacin wani ɗan bautar ƙasa ne. Da ya zo raba littattafai sai ya riƙe nawa, ya kwafe jimlar a allo da manyan baƙaƙe, ya ce in miƙe. Sau uku ya karanta yana maƙale murya yana kwaikwayona, aji kuwa kamar zai tsage don dariya. Har da wadda na rubuta wa wasiƙar, tana benci na biyu, na ga ta kifa kai kafaɗunta na rawa. Ina tsaye hijabina ya jiƙe da gumi, ina jira ya gama ya faɗi gyaran, bai faɗa ba. Aka buga ƙararrawa ya kwashi littattafansa ya fita, jimlar kuma ta kwana a allo saboda mai sharewa ta ƙi sharewa da gangan. Kafin a tashi na zama Alatof. Ranar ko tuwo ban ci ba, Inna na ta tambaya ko zazzaɓi ne. Daga nan ban sake ɗaga hannu a darasin Turanci ba har muka fita, kuma D7 na samo a WAEC, sai da na sake zama. Bara a wajen wani biki, ina da 'ya'ya huɗu fa, wata ta hango ni daga nesa ta ƙwala "Alatof!" a gaban dangin mijina. Na yi dariya don dole. Shi malamin na sha cewa na yafe masa, amma in na tuna yadda ya maƙale muryar nan sai in ji yafiyar ba ta gama zama ba.

Wanda ya warware mini maƙwabcinmu ne, tsohon hedimasta, Allah Ya jiƙansa. A zaure ya zaunar da ni, bai fi minti goma ba. Kullum faɗansa ke nan, wai abin kunya ne a garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, a ce malami na yi wa yaro dariya maimakon gyara. Shi ya nuna mini cewa matsalarmu "sosai" ce: mu kalma ɗaya ta ishe mu ko'ina, su kuwa sun rarraba aikin. Na gaji sosai, "I am very tired", ba a cewa "a lot tired". Ina son sa sosai, "I like it a lot", ba a cewa "I like it very" a tsaya. Amma wajen kwatanta abu biyu "a lot" tana shiga, in kin ji sauƙi sosai kya ce "I feel a lot better".

Ki kuma lura da mazauninta. In akwai abin da aikin ya faɗa wa, sai ta koma bayansa: "I like fura a lot". Kada ki cusa ta tsakiya ki ce "I like a lot fura". Nan ma Hausa ta taimake ki, ai "ina son fura sosai" muke cewa. Wani lokaci kuma yawan yi take nufi, "he travels a lot" shi ne mutum mai yawan tafiya.

Don Allah ki kiyayi "too much". Nan ƙasar mun saba da "I like you too much", alhali asalin ma'anarta abu ya wuce kima, har ya zama illa. "She talks a lot" tana da yawan magana, "she talks too much" kuwa surutunta ya ishi mutane. Ɗiyata ta taɓa rubuta wa malamarta "you teach us too much" da nufin yabo. Allah Ya sa malamar mai hankali ce, ta kira ta gefe ta gyara mata, babu wanda ya ji. Shi ya sa har gobe ba na yarda da tarar da ake cin yara in sun yi Hausa a makaranta, yaro ya koma kurma a aji don tsoro sannan a ce ba ya da ƙwaƙwalwa. Malaman da ke cikinmu ku yi haƙuri, amma gaskiya ce.

Sauran abu ɗaya, tunda jarrabawa ke gabanki. "A lot" ta hira ce da wasiƙar ƙawa. In an ce ki rubuta wa shugaban makaranta ko takardar neman aiki, "very much" ko "a great deal" sun fi zama. Godiya ma haka, "thanks a lot" tsakanin sa'o'i, babba kuwa "thank you very much", don ta farkon in murya ta karkace sai ta koma gatse. A jimlar korewa kuma an fi jin "much", kamar "I don't sleep much".

Gobe ki ɗauki littafin ki sami malamin naku a ofis ke kaɗai, ki ce ya duba gyaran da kika yi. In ya ja biro a wani wurin kuma, ɗauko hoton shafin ki turo in gani bayan isha'i, yanzu zan shiga kicin.